Lambobin jikin lens, me ake nufi da 1:1.8 da f/5.6? Amsa ga ƙanwata mai hoton biki

Wata ƙanwata da ta fara ɗaukar hoto a gidajen biki, kamu da sa lalle da yini, wuraren da mu maza ba kullum ake barinmu mu shiga ba, ita ce ta turo min tambaya. Ta ce: "Yaya dan Allah ka fitar da ni daga duhu. Na sayi Nikon D3200 ta hannu da lens guda biyu, ɗaya an rubuta masa 18-55mm 1:3.5-5.6G, ɗayan kuma 50mm 1:1.8D, shi har wani zobe ne da shi mai lambobi daga 22 zuwa 1.8. An ce min ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, ni kuma kaina ya kasa ɗauka. In na yi zum sai lambar ta canza da kanta, in kuma na ɗaura mai 50 ɗin sai kyamarar ta rubuto FEE ta ƙi ɗauka. Ko cutata aka yi ne?"

Toh ƙanwata da farko dai ki kwantar da hankalinki, kayanki lafiyarsu ƙalau, kuma wannan mai 50 ɗin da yake ba ki ciwon kai shi ne zai riƙa kawo miki aiki nan gaba insha Allahu. Duk abubuwan nan da kika lissafo tushensu ɗaya ne, lambar da kike gani ba ƙidaya bace, rabo ne aka yi, kuma da zarar kin fara karanta ta a matsayin rabo sauran zasu warware da kansu.

Ki tuna karatun gado da aka yi mana a islamiyya. Matar da mijinta ya rasu bai bar ɗa ba rubu'i take samu, ɗaya bisa huɗu, in kuwa ya bar 'ya'ya sai ta koma tumuni, ɗaya bisa takwas. Takwas ta fi huɗu a ƙidaya kam, amma babu matar da za ta ce miki tumuni ya fi rubu'i kauri. Toh haka f/4 da f/8 suke, wannan karan da ke tsakanin f da lambar ba ado bane, alamar rabawa ce, irin wadda ake sawa a 1/4 da 1/8. Shi f ɗin kuma tsawon lens ne, wato milimitar nan da aka rubuta a jiki, masu ilimin abin suna ce masa tsawon fokas, mu a bakin aiki dai cewa muke "milimita nawa ne lens ɗinka". Ƙofar da haske yake bi ya shiga, wadda muke kira afaca, faɗinta shi ne abin da ya fito in an raba wannan tsawon da lambar.

Mu gwada da mai 50 ɗinki. A f/2 kin raba 50 gida biyu kenan, ƙofar ta zama milimita 25. A f/4 milimita 12 da rabi, a f/8 shida da ɗan ɗori, a f/16 wajen uku, a f/22 kuwa biyu da 'yan kai, kamar ƙwayar gero. In kika buɗe shi har ƙarshe a f/1.8 ƙofar tana kai kusan milimita 28, kamar bakin robar lemo. Kar ki tsaya a lissafi na, ki cire lens ɗin daga jikin kyamara, ki tsaya kusa da taga, ki leƙa ta gilashin gaba kina murza zoben nan a hankali. Zaki ga wasu siraran ganyayyakin ƙarfe baƙaƙe guda bakwai suna zamewa kan junansu, ramin tsakiya yana tsukewa yana buɗewa kamar idon mage in ta fito rana da in ta koma ƙarƙashin gado. Girman ramin kamar yadda idonki yake ganinsa ta gaba shi ake aunawa, ba girmansa na zahiri in an kwance lens ɗin ba, domin gilasan gaba suna ƙara masa girma ko su rage a ido.

Zaki iya cewa toh me ya hana su rubuta milimitar ƙofar kai tsaye kowa ya huta? Dalilin shi ne faɗin ƙofa shi kaɗai ba ya gaya miki yawan hasken da zai isa ciki. Ki ɗauki zaure biyu a cikin gari masu ƙofa iri ɗaya, ɗaya gajere ɗaya kuma dogo irin na tsofaffin gidajen Mandawari ko Yakasai, wanda ya zauna a ƙuryar gajeren yana iya karanta allonsa, na ƙuryar dogon kuwa sai ya matso baki. Dogon lens haka yake, sai ƙofarsa ta fi girma kafin ya ba da haske daidai da na gajere. Da aka mayar da abin rabo sai ya zama f/4 ɗin kowane lens haskensa kusan ɗaya ne, ko mai 18 ne ko mai 200, kina iya canza lens tsakiyar aiki ba tare da kin sake lissafi ba. Wannan ne ma ya sa kike ganin manyan lens ɗin nan kamar taɓarya a hannun masu hoto ranar hawan Daushe a Ƙofar Kudu. Lens mai 70-200 da yake riƙe f/2.8, a 200 ƙofarsa sai ta kai wajen milimita 71, dole gilashin ya yi faɗi, nauyinsa wajen kilo ɗaya da rabi, kuɗinsa kuma ba a magana. Ba gayu suke da shi ba, lissafin ne ya tilasta.

Saura kuma maganar jerin lambobin, don na san shi ma yana ɗaure kai, ya aka yi daga 2 sai 2.8, daga 4 sai 5.6, ba 3 ba 5? Ki tambayi duk mai gyaran famfo, bututu mai inci biyu ba ninki biyu na mai inci ɗaya bane, bakinsa ninki huɗu ne, saboda da'ira in faɗinta ya ninka ta ko'ina take ƙaruwa. Mu kuma abin da muke so shi ne kowane mataki ya ninka haske sau biyu kacal ko ya rage shi rabi, kuma don filin da'ira ya ninka biyu sai a ƙara faɗinta sau 1.4, wato lambar da in kika ninka ta da kanta zata ba ki biyu. Daga nan jerin ya fito: 1, 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, 22, 32. Kowace lamba rabin hasken ta gabanta take bari ya wuce, f/4 rabin f/2.8 ce, f/5.6 rabin f/4, haka har ƙasa. Yadda na haddace shi tun ina yaron shago, lambobi biyu kawai na riƙe, 1 da 1.4, ina ninka kowacce, 1 ta ba ni 2, 4, 8, 16, 32, ita kuma 1.4 ta ba ni 2.8, 5.6, 11, 22, sai in saƙa su kamar kitso, ɗaya daga nan ɗaya daga can. Asali 11.3 ne da 22.6, an datse wutsiyar ne don a samu wurin rubutawa a kan zobe.

Kowane mataki ɗaya shi muke cewa sitof. Sunan ya daɗe, tun zamanin da babu ganyayyakin nan masu motsi, wani Bature a Ingila mai suna John Waterhouse a 1858 ya fito da 'yan faifan ƙarfe kowanne da raminsa, ana zura wanda ake so ta wata tsaga a jikin lens, in ana son canza haske a zare a sa wani. Faifan sun tafi, sunan ya bi mu har yau.

Lambobin da zaki gani a fuskar kyamararki sun fi waɗannan yawa, 3.2 da 3.5, 4.5 da 5, 6.3 da 7.1, 9 da 10, 13 da 14. Waɗannan 'yan tsakani ne, an raba kowane sitof gida uku, shi ya sa in kika murza tayar nan ta ƙarƙashin babban yatsanki sau uku, ƙas ƙas ƙas, kin yi sitof ɗaya cif, daga 4 zuwa 4.5 zuwa 5 zuwa 5.6. Ita ma 1.8 ɗinki 'yar tsakani ce, tana gab da 2 ta ɓangaren 1.4. Ki riƙe wannan ƙidayar ta uku-uku, domin shota, wato tsawon lokacin da kyamara take barin haske ya shiga, ita ma haka take tafiya, in kika tsuke afaca ƙas uku sai ki rama da ƙas uku a shota, hasken hoton ya zauna inda yake.

Yanzu ki ga amfanin lissafin a wurin aiki. Lens ɗinki na zum in ya kai 55 iyakarsa f/5.6, mai 50 kuma yana buɗewa har f/1.8, tsawonsu kusan ɗaya amma tsakaninsu sitof uku da sulusi ne, kusan ninki goma na haske kenan. A ɗakin amarya da magariba, an ɗauke wuta, sai 'yar fitilar caji a kan madubi, in mai zum ya tilasta miki shota 1/15 wanda ko numfashi amarya ta yi hoton ya girgiza, mai 50 zai ba ki wajen 1/160 a ISO ɗin nan dai, wato ba tare da kin ƙara wa kyamarar ƙarfin jin haske ba, hannun mai lalle yana motsi amma ya fito tsaf. Wlh duk wanda ya taɓa dawowa daga biki ya tarar rabin hotunansa sun yi rawa ya san darajar wannan ninki goman.

Shi kuma 1:1.8 da aka rubuta a jiki, shi ne dai f/1.8, salon rubutu ne kawai ya bambanta, ɗigo biyun nan alamar rabo ce kamar yadda ake rubuta kwaɓin siminti ɗaya da yashi shida. Abin da aka buga a jikin lens kullum iyakar buɗewarsa ce, ba a nan zai zauna ba, kina iya tsuke shi ƙasa da haka amma ba za ki iya buɗe shi sama da haka ba. Kamfanoni kowa da hannunsa, Nikon da tsofaffin Canon EF suna rubuta 1:1.8, sababbin Canon RF sukan rubuta F1.8 ba kara, Sony kuma a gaban lens zaki ga 1.8/50, afaca a farko milimita a ƙarshe, irin salon Zeiss na Jamus waɗanda su har waƙafi suke sawa maimakon ɗigo, 1,4/50. Tsohon Helios na Rasha da ake samu a kayan gwanjo shi ma 2/58 aka rubuta masa. Duk magana ɗaya ce. Abu biyu ne kawai nake so kar su ruɗe ki, in kika ga 1:1 ko 1:2 tare da kalmar Macro wannan ba afaca bace, girman da ƙaramin abu zai fito ne a kan sensa, wato ɗan allon cikin kyamara da hoto yake sauka a kai, in an matsa kusa, irin lens ɗin da ake ɗaukar zoben amarya da ɗan kunne da shi. Na biyu da'irar nan mai kara a tsakiya, ø52, ita faɗin bakin lens ce don sayen murfi ko filta, kuma kin yi sa'a naki duka biyun 52 ne, filta ɗaya zata yi musu.

Maganar lamba tana canzawa in kin yi zum, ai an riga an gaya miki a jikinsa, 3.5-5.6. Ki haɗa ta da 18-55, ta farko da ta farko, ta ƙarshe da ta ƙarshe, a 18 yana buɗewa har f/3.5, a 55 kuma f/5.6 ce iyakarsa, tsakani yana tafiya a hankali. Abin da zai ba ki mamaki ƙofar ba tsukewa take ba in kin zuƙo, 18 raba 3.5 milimita biyar ne, 55 raba 5.6 kusan goma, kinga ta ma ƙaru a ido, sai dai tsawon ya ninka uku ita kuma ta ninka biyu, zauren ya fi ƙofar saurin girma. Don a sa ta riƙe lamba ɗaya daga farko har ƙarshe sai an yi gilasai manya, shi ya sa 24-70 mai 2.8 ko 24-105 mai 4 suke da lamba ɗaya tak a jiki kuma suke da tsada. Inda abin zai cije ki shi ne bidiyo, ko in kina kan manuwal, kin saita haske a 18 kan f/3.5, ana shigowa da amarya kika zuƙo fuskarta sai hoton ya dushe, domin kin rasa fiye da rabin haskenki ba ki sani ba. Maganinsa mai sauƙi ne, tun farko ki ajiye shi a f/5.6 ki saita sauran a kai, duk inda kika kai zum ba zai motsa ba.

FEE kuwa ba lalacewa bace, kyamarar ce take cewa ki miƙa mata linzami. Lens ɗin da aka rubuta wa D daga zamanin da ake murza afaca da hannu ya fito, ita kuma D3200 so take ta riƙa sarrafa shi daga jikinta, kuma ba zata iya ba sai kin kai zoben kan lamba mafi girma. Ki murza shi zuwa 22, zaki ga ita launinta daban, ruwan lemo, a gefe kuma akwai wani ɗan makulli da ake turawa, ki tura shi ya kulle zoben a nan, shikenan FEE ta tafi. Ba wai a f/22 zaki riƙa ɗauka ba, a'a, daga nan da tayar kyamara zaki zaɓi 1.8 ko 4 ko duk abin da kike so. G ɗin da ke jikin ɗaya lens ɗin ma'anarsa babu zoben gaba ɗaya, shi ya sa bai taɓa yi miki wannan ba. Masu Canon ba su san wannan matsalar ba, tun 1987 da suka fito da EF afacarsu da lantarki take aiki. Ki sa faifan sama a kan A, kuma wannan A ɗin ba oto bace, oto ita ce koriyar, A na nufin ke ki zaɓi afaca kyamara ta zaɓi shota, a Canon Av ake rubutawa. In kina kan M sai kin danne ɗan maɓallin nan mai alamar +/- kusa da na ɗauka sannan ki murza tayar.

Abu ɗaya ne dai ya kamata wanda ya sayar miki ya faɗa miki tun a shago, wannan mai D ɗin ba zai yi fokas da kansa a kan D3200 ba, saboda shi ba shi da mota a ciki ita ma kyamarar ba ta da motar da zata juya shi. Da hannu zaki riƙa yi, kina kallon ɗan koren ɗigon nan a ƙasan madubin leƙawa ta hagu, in ya tsaya cak fokas ya zauna. Zai yi miki wuya sati biyun farko, amma hannu yana sabawa. In kuɗi sun samu ki nemi 50mm 1.8G mai AF-S, shi da motarsa yake zuwa. Kuma kar ki damu in kin canza lamba kin leƙa ba ki ga komai ya canza ba, lens a buɗe yake zama don ki samu hasken gani, sai lokacin da kika danna ne ganyayyakin suke tsukewa su koma cikin ƙiftawar ido.

Toh ga inda nake so ki nutsu sosai, domin afaca ba haske kaɗai take taɓawa ba, tana taɓa zurfin abin da zai fito tar a hoto. In ƙofa ta buɗe, wurin da ya fito tar siriri ne, gabansa da bayansa su narke, in ta tsuke sai ya yi zurfi. Wannan narkewar bayan ita ce amare suke so, ita ce take sa a ce hotonki kamar na waje, kuma ita ce take jefa sababbin masu hoto a rami, domin da mutum ya samu 1.8 sai ya ƙi sauka daga kanta. Da mai 50 a kyamararki, mutum yana nisan mita biyu, a f/1.8 abin da zai fito tar bai wuce santimita 12 ba, faɗin tafin hannu da 'yan kai. Ido ya fito, ɗaurin ɗankwali ta baya ya fara dishi-dishi. A f/5.6 ya kai wajen santimita 36, a f/8 ya haura rabin mita, in kuma kika ja baya zuwa mita huɗu a f/5.6 kina da kusan mita ɗaya da rabi.

Ni kaina sai da abin ya same ni sannan na yarda. A wata dina ce a wani ɗakin taro, hasken wurin ba shi da ƙarfi, na bar lens a buɗe tun daga shigowar ango da amarya na manta ban tsuke ba da aka zo hoton dangi. Layi biyu suka yi, amarya da ƙannenta a zaune, iyaye mata a tsaye a baya, a ɗan allon kyamara komai ya yi min kyau. Sai da na buɗe a kwamfuta da daddare na ga mahaifiyar amarya, wadda ta taso tun daga wani gari don wannan ranar, fuskarta kamar an shafa mata hazo, leshin 'yarta a gaba kuwa har zarensa ana ƙirgawa. Babu gyaran da yake dawo da fokas ɗin da ba a ɗauka ba. Na je na ba su haƙuri sun kuma karɓa da mutunci, amma har yau ina tuna yadda matar ta riƙe hoton ta daɗe tana kallo. Tun daga ranar in mutum ɗaya ne nakan zauna tsakanin f/2 da f/2.8, in biyu ne kafaɗa da kafaɗa f/4, in layi biyu ne f/5.6 zuwa f/8 in ja baya in kunna filasha, ko da ISO zai hau gara ɗan ƙura-ƙura a hoto da fuskar uwa ta ɓace.

Can ɗaya ƙarshen ma akwai nasa. Kar ki ce tunda tsukewa tana ƙara zurfi bari in zauna a 22, in rami ya yi ƙanƙanta da yawa haske yana bazuwa a gefen ganyayyakin, hoton gaba ɗaya sai ya yi laushi. Yawancin lens sun fi kaifi tsakanin f/5.6 da f/8, nan zaki ajiye in kina ɗaukar wa masu sayar da atamfa da leshi kaya don tallan intanet, zanen ya fito daga gefe zuwa gefe. Sannan mu nan Kano muna da ƙurar hunturu, duk ƙurar da ta kwanta a kan sensa ba a ganinta a f/2.8, amma ki ɗauki sararin sama a f/16 ko f/22 ki ga ɗige-ɗige baƙaƙe sun fito reras. Da haka ma muke gane sensa tana son shara, a ɗauki farin bango a 22 a duba. Amfanin 16 da na fi so shi ne da daddare a kan ƙafa uku, fitilun titi su fito da tsinkaye kamar taurari, lens mai ganye bakwai irin naki tsinke 14 yake bayarwa, domin in ganyen mara ne ninkawa yake, in cika ne kamar takwas sai ya ba da takwas.

Rana kuma tana da nata lissafin da muka gada daga masu fim na da. In rana ta take babu gajimare, ISO 100, f/16 da shota 1/125 zasu ba ki hoto daidai. Ki bi matakan da kanki, f/11 da 1/250, f/8 da 1/500, f/5.6 da 1/1000, f/4 da 1/2000, f/2.8 da 1/4000, kuma 1/4000 ita ce iyakar gudun shotar D3200. Kinga kenan in kika fita da amarya tsakar gida da azahar kika ce sai 1.8, farin mayafinta zai ƙone fat babu abin da kyamarar zata iya yi. Ko ki kai ta inuwar bishiya, wanda dama ya fi kyau ga fata, ko ki sa baƙar filtar rage haske da ake cewa ND, mai 52.

Wata rana in kika je wurin 'yan fim na Zoo Road zaki iya ganin lens da T a jiki maimakon f, kamar T1.5. f lissafi ne na tsawo da faɗi, bai san hasken da gilasan suka shanye a hanya ba, T kuwa an auna hasken da ya fito ta baya da gaske, shi ya sa Samyang 35 ɗin da yake f/1.4 na masu hoto, ɗan'uwansa na fim T1.5 aka rubuta masa. Su suna buƙatar haka don in an canza lens tsakiyar fitowa kar haske ya yi tsalle, zoben nasu ma ba ya ƙas ƙas, sulɓi yake. Ita kuma wayar da ake tallata miki a Farm Centre da f/1.8, ba ƙarya aka yi ba, amma f ɗinta wajen milimita biyar ne, in kika raba ƙofar ba ta kai milimita uku ba, ina ita ina 28 ɗinki. Narkewar bayan da kike gani a hoton waya manhaja ce take zana ta, shi ya sa takan cinye gefen mayafi. Yawancin wayoyi ma ƙofarsu ba ta motsi, Samsung S9 ta 2018 tana cikin 'yan kaɗan da suka zo da biyu, 1.5 da 2.4.

Tunda kayan hannu kike saye, duk lens ɗin Nikon da za a miƙo miki nan gaba ki juya bayansa, akwai wani ɗan harshen ƙarfe a gefen gilashin baya, ki tura shi da farce ki saki kina kallon ganyayyakin. Ya kamata su koma fat nan take. In suna jan ƙafa, ko kin hango sheƙin mai a jikinsu, ki ajiye shi, domin zafin garin nan yana narkar da giris ɗin ciki ya gangaro kansu, kyamara zata ce f/8 amma ganyen bai kai ba kafin shota ta wuce, hotuna su riƙa ƙonewa ki rasa dalili.

Yau da la'asar ki jera kwalaben humra uku a kan tebur kusa da taga, kowacce bayan 'yar'uwarta da ɗani ɗaya, ki kulle zoben a 22, faifai a kan A, ISO 400, ki sa fokas a ta tsakiya kar ki sake taɓa shi. Ki ɗauka a 1.8, da 2.8, da 4, da 5.6, da 8, da 16, kowanne ki rubuta shotar da kyamarar ta zaɓa a takarda. In kin gama ki turo min hotunan shida da takardar in gani.